Ranar da Aka Nuna Alhaji Rabo da Yatsa

Shekara goma sha tara Alhaji Rabo ya yi a Madina, kuma duk shekarun nan abu guda iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, take cewa: leburan gona. A gaskiya kuwa shi ne mai siton dabino a unguwar Awali. Shi ke zaga gonaki ya saye dabino tun yana kore a kan bishiya, shi ke sa a tsince, a cika gwangwanaye don alhazai. Mutum goma sha ɗaya ke aiki a ƙarƙashinsa. Amma allon ƙofa sunan Abdussamad ke kai, ɗan ƙasar da ya tsaya masa kafili, domin baƙo irinsa ba shi da izinin buɗe ciniki da sunansa. Kowa ya sani, ba mai faɗi. A kan wannan shirun sana'ar take tsaye.

A 1983 wani ɗalibin jami'a, Malam Khalilu, ya fara zuwa siton da littafi da biro. Risalar digiri yake rubutawa a kan yadda Hausawan Hijaz ke shugabantar ciniki.

"Bazazzage da binciken kasuwa?" in ji Rabo. "Me kuka taɓa sayarwa in ba rake ba?"

"Shi ya sa na zo wurin Bakano, Baba Alhaji. Ku da ko gaisuwa sai kun yi tayi."

Rabo ya yi dariya, ya tura masa faranti. Wata biyar Khalilu yana zuwa. Ya rubuta cewa Rabo a tire ɗaya yake cin abinci da mutanensa, ba ya yi wa kowa faɗa a gaban wani, kuma duk wanda ya cika shekara bakwai sai ya yaye shi, ya nema masa kafili da wurin zama a kasuwa. Sharaɗi ɗaya Rabo ya sa.

"Ka rubuta aikin, ka bar mai aikin. Fahimt?"

"Na yi alkawari, Baba."

A cikin risalar, "wani ɗan kasuwa" ya kira shi.

Ranar munaƙasha, wato ranar da malamai za su titsiye ɗalibi a gaban jama'a, Khalilu ya gayyaci Rabo don girmamawa. Rabo kuma ya ga ba ladabi ba ne ya je taro bai shaida wa kafilinsa ba. Abdussamad ya ce shi ma zai je, har ya ɗauko shi a motarsa. Suka zauna a sahu na biyu da hantsi, zaure cike da Larabawa da baƙi.

Ɗaya daga cikin malaman ya ɗaga risalar ya ce babi na huɗu bai gamsar da shi ba. Ɗan kasuwa marar suna, marar adireshi? Wa ya san ko ɗalibin ne ya ƙirƙire shi? In ba hujja, sai a cire babin a sake zama baɗi.

Khalilu ya share gumi. Ya dubi malamin, ya dubi sahu na biyu. Sai ya miƙa yatsa.

"Ga shi nan zaune, ya shaikh. Alhaji Rabo, mai siton Awali. Shi ya kafa shi, shi ke gudanar da shi."

Lasifika ta kai maganar har ƙofa. Mutane suka juyo suna ma sha Allah. Malamin ya yi murmushi, ya yaba wa Rabo, ya wuce babi na biyar. Abdussamad bai juyo ba. Carbinsa kawai ya mayar aljihu.

Khalilu bai yi ƙarya ba. Amma ya yi alkawari, ya karya shi don ya ceci takardarsa. Sunan wannan cin amana, ko da a zauren ilimi aka yi shi.

A mota suna komawa, suka wuce Kuba.

"Ya Hajj," in ji Abdussamad, "akwai ma'aikatan hukuma a zauren nan. Gobe ni za a tambaya. Ina da 'ya'ya."

"Na sani."

"Ma'alesh, ka yi haƙuri. Kawo makullin siton."

Rabo ya ciro shi daga aljihu ya ajiye a kan kujera. Bai roƙa ba. Ya nemi fushi a ransa, bai samu ba. Bayan mako uku aka buga masa hatimin fita ta ƙarshe daga ƙasar.

Matarsa Asama'u ta ɗaure kaya a akwati huɗu. Ta tambaye shi ko za a tafi da tiren. Ya ce a bar wa mutanen.

Khalilu ya same su a filin jirgi bayan azahar, riƙe da risalar mai koren bango.

"Baba, na samu mumtaz, matakin ƙoli," ya ce, sannan ya ji abin da ya faɗa, ya sunkuyar da kai. "Ka yafe mini. Wallahi matsa mini aka yi."

"An matsa maka."

"Na kawo maka kofe ɗaya."

Rabo ya karɓa, ya auna nauyinta a tafin hannu kamar yadda yake auna gwangwani, ya mayar masa.

"Akwatunan sun cika. Ka riƙe."

Aka kira masu tafiya Jidda. Asama'u ta miƙe. Rabo ya taka kaɗan, ya tsaya, ya juyo.

"Malam, in ka bi ta Awali, ka gaya wa Abdussamad dabinon ɗakin baya yana son a juya shi kafin Alhamis, in ba haka ba ƙwari za su shiga. Bai sani ba. Bai taɓa shiga ɗakin ba."

Ya gyara hularsa ya bi layi.