Farin Jinin Malamar Lissafi

Shekara ashirin da biyu malamar lissafi tana koyarwa, ba wanda ya taɓa zarginta da farin jini. Ɗalibai na hango ta sai kowa ya kama gabansa, ita kuwa ko a jikinta. Shi ya sa ranar da likita ya ce fararen ƙwayoyin jininta sun yi yawa fiye da kima, ta kusa yin dariya. Sai da ya ambaci sankarar jini dariyar ta maƙale. Ya ce irin tata ana riƙe ta da ƙwaya ɗaya kullum bayan cin abinci, mutane na shekaru da ita suna harkokinsu, amma a fara ba da ɓata lokaci ba. Ta ce to, irin to ɗin da ɗalibanta ke cewa alhali ba abin da ya shiga.

A gida yayarta na jira. Su biyu suka rage a ɗakinsu, kuma tun rasuwar mijin yayar suke zaune tare.

"Auta, me suka ce?"

"Wai farin jini ne ya yi mini yawa."

Yaya ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ke? Lallai na'urarsu ta lalace!"

Ba ta yi ƙarya ba, in ji ta a ranta. Mai daɗin ji kawai ta tsamo ta bar sauran.

Kwalin maganin kuwa ta jefa shi a durowar teburinta a ɗakin malamai, ƙarƙashin rajista. Takardar da ke ciki ta karanta ta fi sau goma, ta bi ta da jan biro kamar jarrabawa: tashin zuciya, kumburin fuska, ciwon gaɓoɓi, ƙuraje. Ta ƙirga ashirin da uku. Tsoro take ji, tsoro sosai. Yanzu dai gajiya ce kawai da ɗan zufa, tana iya tsayawa gaban allo. Tana ganin ranar da ta haɗiye ƙwayar farko, ranar ta zama majinyaciya, kuma babu komowa. Haka kwana tara suka wuce.

Yaya kuwa ta samu labarin bayarwa. Ta ba maƙwabta, ta ba mai wanki. Rana ta goma ta je kantin magani sayo wa ƙanwarta maganin ƙarin jini, don ta ga tana ramewa, shi ma mai kantin ta ba shi labarin. Bai yi dariya ba. Ya ajiye kwalbar ya ce, "Baba, wane magani asibiti suka ba ta? Ta fara sha?"

Ana tsakar hutun ƙarfe goma malama ta ɗago kai daga makin littattafai, ta ga Yaya a bakin ƙofar ɗakin malamai da silifas ɗin gida. Ba ta taɓa tako makarantar ba. Malamai biyu da ke ciki suka gaishe ta, suka dubi fuskarta, suka fice.

"Kwana goma ina yawo da ciwonki a baki ina ba mutane dariya," in ji Yaya. "Kin kyauta ke nan?"

"Yaya, ki zauna."

"Ba zan zauna ba. Faɗi sunansa da bakinki."

Malama ta ajiye jan biron. Da ƙyar ta ce, "Sankarar jini ce, Yaya." Karon farko ke nan da ta ji kalmar da muryarta, sai ga hawaye.

Yaya ta dafa teburin. "Ina maganin?"

Malama ta jawo durowa, ta miƙa kwalin, ta shimfiɗa takardar. "Dubi abin da zai yi mini. Ashirin da uku ne, na ƙirga."

Yaya ba ta ganin ƙananan rubutu, jan layukan kawai ta bi da yatsa har ƙasa.

"Duk wannan in kin sha ne. Ina inda suka rubuta abin da zai faru in ba ki sha ba?"

"Ba su rubuta ba."

"To ni na sani. Na ga na Inna, na ga na maigidana. Ke ni na goya ki, Auta. Ba ni zan rufe miki ido ba, ke za ki rufe mini."

Ta tambaya ko ta karya kumallo, malama ta gyaɗa kai. Yaya ta ɗauki kofin wani malami, ta ɗauraye, ta tsiyayo ruwa. Malama ta ɓare ƙwayar da kanta. 'Yar mitsitsiya ce, ba ta kai maɓallin riga ba. Ta daɗe tana kallonta a tafin hannu kafin ta jefa baki ta kora.

Aka buga ƙararrawa. Malama ta zauna tana jiran jikinta ya yi wani abu.

"Me kike ji?"

"Tsoro dai, Yaya."

"Ni ma," in ji Yaya. Sai a lokacin ta jawo kujera ta zauna.