Faifai na Uku

Ranar Laraba da hantsi aka bugo wa Alban Comeau waya daga gidan rediyo. Yana cikin shagonsa na gyaran fiyano da ke bayan gida, hannunsa duk gam, sai ya maƙale wayar da kafaɗa. Matar da ta bugo ta ce ita ce Maude Crowell, mai gabatar da shirin nan na ranar Lahadi da ake gwada faya-fayai. A wannan makon za su saurari kanceto guda ɗaya, wato kiɗan fiyano da taron makaɗa ke rakawa, daga hannun makaɗa biyar, kuma faifan matarsa Rhona yana ciki.

"Amma don Allah kar ka faɗa wa kowa," in ji ta. "Alƙalan ma ba su san ko na wane ne ba sai an gama."

Alban ya ce ya ji. Ya ajiye wayar, ya daɗe a tsaye yana murmushi shi kaɗai.

Shekara goma sha tara ke nan da ɗaukar faifan. Fiyanon da Rhona ta kaɗa, Alban ne ya tsinto shi a ɗakin ƙarƙashin wani tsohon coci a garin Lunenburg, an jibga masa kujeru a kai, ɓeraye sun yi gida a ciki. Ƙirar Vienna ne, ya haura shekara ɗari da hamsin, sa'an kiɗan da kansa. Shekara uku Alban ya yi yana jinyarsa, yana naɗa wa ƙananan gudumomin da ke bugun wayoyin cikinsa fatar barewa ɗaya bayan ɗaya. Da ya kammala, Rhona ta zauna ta taɓa shi, ta ce ashe haka mutanen da suka fara jin wannan kiɗa suka ji shi. Ta tara masu goge da masu busa su talatin, kowa da kayan kiɗa irin na da, suka shiga coci suka ɗauka cikin kwana huɗu.

Shekara huɗu da suka wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta. Hannun dama ya tafi, magana ta koma sai da ƙyar, wasu shekaru kuma suka ɓace mata daga kai kamar an yage su daga littafi. Abin da ya rage mata cif shi ne kunne. Kowace Lahadi ƙarfe biyu Alban yake tura kujerarta kusa da taga, ya kunna rediyo, ita kuma ta yi ta yanke hukunci da babban yatsan hagu, sama ko ƙasa. Sau da yawa takan riga alƙalan.

Shi ya sa ya ɓoye mata. So yake ya ga fuskarta lokacin da za ta ji kanta.

Lahadin ta zo da dusar ƙanƙara, titunan Halifax shiru. Ya dafa miyar kifi da madara, suka sha da burodi, ya goge mata baki, ya rufa mata bargo a ƙafa.

"Yau ka… yi aski," ta ce tana dubansa. "Wa zai zo?"

"Ba kowa. Ke ban isa in yi miki kwalliya ba?"

"Tsoho," ta ce, ta yi dariya da rabin bakinta.

Maude ta gabatar da alƙalai biyu. Ɗaya wani malamin jami'a ne mai sanyin murya. Ɗayan kuwa Gideon Langille, wanda ya yi shekara bakwai yana zuwa gidan nan koyon fiyano wajen Rhona kafin ya koma rubutu a jarida. Da Alban ya ji sunan sai hankalinsa ya ƙara kwanciya. Ai Gideon zai gane hannun malamarsa ko cikin barci.

Faifai na ɗaya ya zo da ƙarfi, ƙaton fiyanon zamani da makaɗa tamanin a bayansa. Rhona ta karkata yatsa, ba sama ba ƙasa. Na biyu ya fi laushi, ta ɗaga masa. Alƙalan suka ɗan yi musu a kan ko jagoran makaɗan ya ja ƙafa, Gideon ya ce da a ce shi ne ke zaune a zauren da ya fita ya sha kofi ya dawo bai rasa komai ba.

Sai na uku.

Tun kafin fiyano ya shigo Alban ya gane shi daga amon cocin. Da ya shigo kuwa, ya san kowace waya a cikinsa. Ya juya a hankali ya zuba wa matarsa ido.

Rhona ta tattara goshi. Ta sunkuyar da kai gefe tana saurare, kamar yadda take yi wa kowa. Minti ɗaya, minti biyu. Sai ta ɗaga hannun hagu ta juya yatsan ƙasa.

"Wane ne… wannan?" ta ce. "Gudu yake yi."



"Kuma fiyanon," ta ƙara, "ba shi da… ciki."

Kiɗan ya tsaya. Malamin jami'ar ya fara da cewa akwai abin sha'awa a jin kayan kiɗa na zamanin da, domin ana jin masu busa sosai, fiyano bai danne su ba. Gideon bai bari ya ƙarasa ba.

"Haba Farfesa, mu faɗi gaskiya mana. Ni abin da na ji kamar ana buga cokali a bakin kwano ne. Wannan kiɗa na mutumin da soyayya ta kama ne, shi kuwa wannan makaɗin kamar wanda zai makara jirgi. Tarihi daban, daɗi daban. Fitilar ƙwai ma ai ta zamanin da ce, wa ke karatu da ita yanzu?"

Aka yi dariya a rediyo. Rhona ma ta yi, har tana buga hannun kujera.

"Gideon," ta ce. "Bakinsa… har yanzu."

Alban ya san ƙa'idar shirin sarai. Bayan an ji na huɗu da na biyar za a fitar da guda ɗaya, sannan a faɗi sunan mai shi. Minti goma sha biyu, ko sha biyar. Ya miƙe ya nufi rediyon.

"Bari in rage shi, kanki zai yi ciwo."

"Bar shi."

"Ko mu sha shayi tukuna? In kawo miki biskit ɗin nan naki?"

"Alban. Zauna."

Bai zauna ba. Ya shige kicin ya rufe ƙofa, ya lalubo lambar da aka kira shi da ita ranar Laraba. Ta yi ta ƙara, sai na'ura ta amsa, ta ce ofis a rufe yake sai Litinin. Ya sake bugawa, na'urar dai. Ko da an ɗauka ma bai san me zai ce ba. Ku fasa shirinku? Ku yi ƙarya a kan sunan? Ya tsaya yana kallon akwatin wutar gidan da ke jikin bango, har ya kai hannu kan murfin don ya kashe wutar. Sai ya ji ta daga falo tana bin kiɗan na huɗu da maƙogwaro, tana jin daɗinta. A duk mako wannan awa biyun ce kaɗai take zama kamar da. Ya janye hannunsa ya koma ya zauna.

Ba a yi doguwar muhawara ba. Malamin jami'ar ya so a bar na uku ya kai zagaye na biyu, ko don a ji kashin kiɗan na tsakiya mai sanyi, Gideon ya ce kunnensa ba zai iya ba. Aka fitar da shi.

Maude ta yi gyaran murya, ta ce faifai na uku an ɗauke shi ne a nan lardin, a kan fiyano ƙirar Vienna na ainihi, mai kaɗawa kuma ita ce Rhona MacIsaac.

Sai aka ji Gideon yana cewa, "Wayyo. Ni… ai ita ce ta koya mini. Ban…" Maude ta yi sauri ta sa kiɗa na gaba.

Rhona ta juyo ta dubi Alban.

"Ni ce?"

"Ke ce."

"Ka sani?"

"Na sani. Na ɗauka za ki ji daɗi. Ki yafe mini, Rhona."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta nuna rediyon da haɓa, ya kashe. Ta nuna kabad ɗin faya-fayai.

"Sa mini."

Ya ɗauko. Hotonta ne a bangon, tana zaune da baƙar riga, gashinta bai fara furfura ba. Ta ɗora shi a cinya tana kallo, kiɗan ya soma daga farko. Tsawon minti talatin da biyar Alban yana ganin yadda take kasa kunne, tana nema, kamar mai duba fuskoki a tashar jirgin ƙasa. Yatsun hagunta sun ɗan motsa sau ɗaya a kan bargo, ya ɗauka kiɗan take bi, ashe gyara bargon take yi.

Da ya ƙare ta ce, "Ban san ta ba."

"Zai dawo miki. A hankali."

"Kar ka… yi mini ƙarya." Ta numfasa. "Na ji daɗi… ranar?"

Sai ya ba ta labari. Ya ce sanyi ake yi a cocin har masu goge suna hura hannu, ita kuma ta cire takalmi ta yi kiɗan da safa domin takalmin yana ƙara a kan katako. Ya ce a rana ta uku waya ɗaya ta tsinke, ya kwanta a ƙarƙashin fiyanon yana gyara, ita tana zaune a kan fiyanon tana cin tuffa tana yi masa tsiya. Ya ce saurin nan da gangan ta yi shi, domin muryar tsohon fiyano ba ta daɗewa a iska, in ka jira sai ta mutu kafin ta gaba ta iso. Ita ce ma ta koya masa haka.

Rhona ta saurara da ladabi, tana gyaɗa kai, kamar ana ba ta labarin maƙwabciya.

Wajen ƙarfe biyar waya ta yi ƙara. Gideon ne.

"Baba Alban, don Allah ba ni Malama. Ban san ita ce ba. Da na sani da na yanke harshena."

Alban ya rufe bakin wayar da tafi ya dubi Rhona. Ta girgiza kai.

"Ta gaji, Gideon."

"Ta ji? Duka ta ji?"

"Ta ji. Har dariya ta yi."

"To me zan yi? Faɗa mini. In zo? In rubuta a jarida in janye?"

Alban ya yi tunani da gaske, ya duba ko akwai wani abu da wani zai iya yi, bai samu ba.

"Ban sani ba, ɗana," ya ce. "Ka bari tukuna."

Daga ranar, kowace la'asar sai ta nuna kabad, shi kuma ya sa faifan ya zauna kusa da ita. Wani lokaci ya riƙe mata hannun dama, duk da ba ta ji. Likitar da ke duba ta ta ce ba laifi a ci gaba, amma kar ya sa rai da yawa. Gideon ya aiko da furanni da doguwar wasiƙa, Alban ya karanta mata, ta ce a ajiye.

Sai a mako na uku, suna tsakiyar kashin nan mai sanyi, wurin da fiyano ke magana shi kaɗai masu goge na amsa masa ƙasa-ƙasa, ta taɓa masa gwiwa.

"Nan," ta ce. "Nan ta iya… matar nan."

"Ta iya," in ji Alban.

Ya tashi ya tsaya a bakin taga, ya ba ta baya, har kiɗan ya ƙare.