Gangaren da Birki Ya Tsinke

Duk wanda ya taɓa zama a falon Baba har shayinsa ya huce, ya ji labarin gangaren. Ko mai gyaran famfo bai tsira ba. Baba tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana jan kaya zuwa can ƙuryar ƙasa, kuma wata rana birki ya tsinke masa a kan wani dutse, mota maƙare da siminti, kwazazzabo a gefensa. Da giyar motar kawai ya lallaɓo da ita har ƙasa. Labarin gaskiya ne. Dutsen ne dai Mama ta ce tun da Baba ya ajiye tuƙi bai daina girma ba.

"Bara gajimare a wuyansa yake," in ji ta, "bana ya dawo ƙugunsa. Allah ya nuna mana baɗi."

Mama ba ta taɓa ganin dutsen ba, kuma da haka za a ƙare lafiya, ba don Auta ba. Autarsu matuƙiyar ƙaramin jirgin sama ce, irin wanda ke kai magani da ma'aikata wuraren da mota ke shan wahala. Yayanta yana aiki a wata gona mai nisan gaske, an yi masa haihuwa, ga shi gwiwar Mama ba za ta ɗauki tafiyar kwanaki a mota ba. Sai Auta ta nemo jirgi, ta shimfiɗa taswira a kan teburin cin abinci tana nuna musu inda za a bi. Baba yana kallo yatsanta ya hau kan dutsen ya sauka.

"To madalla," Mama ta ce. "Zan je mu gaisa da shi."

Baba ya yi dariya tare da kowa. Rabonsa da wurin an daɗe, kuma shi kansa yanzu bai san wane tsawon ne na Allah, wane ne nasa ba. Tun da ya miƙa makullin mota, babu mai tambayarsa komai a gidan nan sai inda ya ajiye tabarau. Labarin nan kaɗai ya rage masa, kuma yana tsoron a karɓe shi a gaban matarsa.

Da safe a filin jirgi, Baba ya zagaya jirgin hannuwa a baya. Ya shuri taya. Ya tambayi ina safayar taya, ina madubi, ina hon. Auta ta ce babu ko ɗaya.

"Ke nan in wani ya sha gabanki fa?"

"Ai sama tana da faɗi, Baba."

Aka auna kaya, aka auna mutane. Mama ta hau sikeli bayan ta sa kowa ya juya baya, sannan ta yi bankwana da tukunyar ƙarfen da ta so kai wa surukarta. Ita ta zauna a baya, Baba a gaba kusa da Auta, da sitiyari na biyu daidai ƙirjinsa.

"Baba, hannu a cinya," Auta ta ce, tana sa masa na'urar jin magana a kunne. "Kuma duk abin da ka faɗa, Mama tana ji."

Farfela ta juya, jirgi ya ruga, ƙasa ta sake su. Baba ya taka birkin da babu shi har ƙafarsa ta yi tsami. Da ya ga ba a mutu ba sai ya dawo hayyacinsa, ya fara aiki. Ya ce injin yana neman canjin giya. Ya ce ta rage gudu, ga gajimare a gaba. Auta tana cewa "To, Baba," ba tare da ta canja komai ba, yadda shi ma yake yi wa fasinja a zamaninsa.

Gari ya ƙare, gonaki suka ƙare, sai daji da busassun rafuka. Wajen hantsi suka iso inda za su sha mai, wani fili na jar ƙasa da rumfar kwano guda. Shanu sun kwanta a tsakiyarsa suna tuƙa. Sai da Auta ta wuce ta kansu ƙasa-ƙasa kafin suka tashi, ba don sun ji tsoro ba, don dai a zauna lafiya.

"Da akwai hon," Baba ya ce, bai ƙarasa ba.

Mai gadin filin ya mirgino gangar mai, Auta ta hau fiffike tana tace man da ƙyalle. Wannan kam ya burge Baba, domin su ma direbobi haka suke yi. Sai ya matsa kusa da ita, ya rage murya.

"Wai dole ne a bi ta kan dutsen nan? Na ga ta gabas hanya ta fi miƙewa."

Auta ta dube shi daga saman fiffiken. "Ta gabas mai ba zai kai mu ba, Baba."

Da suka sake tashi, ya shiga lallashin Mama ta ɗan runtsa, ai tafiya da sauran nisa. Mama ta ce idonta biyu, tana da baƙon da za ta gani. Can ƙasa tsohuwar hanyarsa ta bayyana kamar zare. Wurin da ya taɓa kwana biyu a cikin laka, sun wuce shi kafin ya gama nunawa.

Sai ga dutsen. Baba ya gane shi da kogin da ya naɗe gindinsa. Daga inda suke, bai fi a kife kwano a tsakar gida ba.

"Ina yake?" Mama ta tambaya, goshinta a jikin gilashi. "Bayan wancan ɗan tudun ne?"

Ba tsokana take yi ba, da gaske take nema, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. Ya so ya ce e, yana can baya, hazo ne ya rufe shi. Amma babu hazo, kuma Auta tana da taswira.

"Shi ne tudun," ya ce.

Ya jira dariya, ba ta zo ba. Mama ta ce a hankali, "To, ai ba laifi." Da ta yi dariyar da ya fi masa sauƙi. Ya ji kunya irin wadda bai ji ba tun yana koyon tuƙi, ya zuba wa gwiwoyinsa ido.

"Iska ta yi yawa a nan sama," Auta ta ce. "Bari in ɗan sauka ƙasa."

Babu wata iska. Ko ruwan da ke gorar Mama bai motsa ba. Baba direba ne, ya san lokacin da matuƙi yake ƙirƙiro dalili. Auta ta rage wuta, ta yi kwana mai faɗi, ta shigo kwarin tana bin kogi.

Dutsen ya fara tashi. Ya kai tsayin fiffike, ya wuce, ya cika tagar gaba ɗaya, har sai da Mama ta karkata wuya kafin ta hango ƙarshensa. Hanya tana manne a jikinsa, kwana bayan kwana, babu ko ƙarfen kariya a bakinta. Wata babbar mota tana rarrafowa ƙasa, hayaƙi na tashi daga tayoyinta. A cikin kwazazzabon kuwa ga gawarwakin motoci nan sun yi tsatsa, wata tayoyinta a sama, bishiya ta fito ta cikin wata.

"A ina ya tsinke?" Mama ta tambaya. Muryarta ta canja.

Ya nuna mata can sama, kusa da wani farin dutse. Ya nuna inda ya goga jikin motar da bango don ta rage gudu, da kwanan da ya ɗauka ba zai fita ba. Bai ƙara komai a kai ba, babu bukata.

"Ranar da ka dawo," ta ce, "faɗa na yi maka ka bar abinci ya huce."

"Ai ya huce ɗin."

Hannunta ya zo ta bayan kujera ya kama kafaɗarsa, ya riƙe da ƙarfi, kamar yanzu ne motar take gangarowa. Baba ya ji idonsa ya ciko. Ya juya wajen taga, ya manta duk numfashin da ya ja ana jin sa a kunne.

Sai da kwarin ya buɗe ya gyara murya. "Iskar ta lafa?"

"Ta lafa, Baba," Auta ta ce, ta ɗaga hancin jirgi.

Da la'asar suka sauka a filin gonar. Bayan an ga jinjiri, an sha ruwa, ɗansu ya tambayi yadda hanya ta kasance, ko sun bi ta wajen dutsen Baba. Baba ya gyara zama, ya buɗe baki.

"Dakata, direba," Mama ta ce, jinjiri a cinyarta. "Kai ba ka iya ba da shi ba."

Ta juya ga ɗanta da surukarta. "Dutse ne wanda in kana gindinsa ba ka ganin rana. Gajimare kuwa a gwiwarsa muka bar shi."

Ranar ko ɗigon gajimare babu a kan dutsen. Auta ta sunkuyar da kai tana gyara igiyar takalmi. Baba ya ɗauki shayinsa ya kurɓa, bai gyara mata ko kalma ɗaya ba.