Humrar Ya Kaka

Duk Koki an san gidan Goni Ari da abu biyu: rubutun maigidan da ƙamshin matar gidan. Rubutun ya tafi tun shekarar da yanar ido ta makantar da Goni, ya ajiye alƙalami bayan ya rubuta Alƙur'ani goma sha ɗaya da ka. Ƙamshin ne ya rage.

Kaltume, matarsa, ba ta taɓa ɗaukar haɗa turare a matsayin sana'a ba. So ne kawai. Kakarta, Ya Kaka, wadda aka kawo Kano daga Kukawa tana amarya, ita ta koya mata. In Kaltume ta zauna tana soya itacen hawi da sukari, tana dakan kajiji, sai tuwo ya kama a tukunya ba ta sani ba. Amaren unguwa kuwa kyauta take ba su turaren wuta, in sun yi godiya ta ce su je Allah ya ba da zaman lafiya.

Abu ɗaya ne ba ta bayarwa, wato humrar Ya Kaka. Turare ne na shafawa, da farcen turare ake yin sa, a gasa, a daka, a jiƙa, a toshe bakin tulu a binne shi kwana arba'in. A danginsu uwa ke bar wa 'ya, ba a sayarwa, ba a kyauta. A duk birnin Kano mace ɗaya ce ke wannan ƙamshi.

Da wannan ƙamshin Goni yake ganin matarsa. Kullum yana zaune a soron ciki bisa buzunsa, yana tilawa. Kaltume takan cire takalmi ta yi sanɗa da ƙwaryar fura, ba sallama, ba tari. Kafin ta kai bakin ƙofa sai ya ɗaga kai, fuskarsa ta washe.

"'Yar Kukawa, na gan ki."

"Da wane idon, Malam?"

"Da wanda Allah ya bar mini."

Mutum biyu masu furfura suna wasan yara, shekara bakwai ba su gaji ba. Kaltume ba ta da abin da ta fi so a duniya kamar wannan ɗaga kan.

To, ciki ba ya cin ƙamshi. Ɗansu guda, Abba, yana can Fort Lamy ta ƙasar Chadi wajen fatauci, aikensa sai an manta da shi yake zuwa. A daminar 1954 azarar soro ta ruɓe, hatsi ya ja baya. A lokacin kuɗin gyaɗa ya fara hawa kan mutanen Kano, kowane mai awo yana son 'yarsa ta tare da ƙamshin Barebari. Nan 'Yardada ta shigo, wata dillaliya daga Zaitawa, mai bakin da zai sayar wa masunci kifi. Ta ce a daina wannan kyautar banza, ita za ta riƙa kai turaren wuta gidajen masu hali.

Kaltume ta nemi izinin Goni. Ya ce, "Neman halal ba abin kunya ba ne. Ki sayar da duk abin da hannunki ya iya. Na Ya Kaka kaɗai nake roƙo ki bar mini."

"Haba Malam, wannan ai ko a mafarki."

Kasuwa ta buɗe. Aka sake azara, aka yi yaɓe, nama ya dawo miya. Kaltume ta ji daɗin da ba ta taɓa ji ba, abin da take yi don nishaɗi yau shi ke riƙe da gida. Da a nan ta tsaya, da babu labarin da zan ba ku.

Amma 'Yardada hanci gare ta. Duk zuwa sai ta shinshini mayafin Kaltume.

"Yaya Kaltume, wannan na jikinki fa? Shi ne turare, sauran duk hayaƙi ne."

"Na gida ne, ba na sayarwa ba."

"Na gida! 'Ya mace gare ki da za ki bar wa? Ko da shi za a binne ki? Jiya a Mandawari ana cewa wai wata 'yar Shuwa ta fi ki hannu. Na ce su bari su ji na gaske tukun."

Kada wani ya ce yunwa ce ta sa Kaltume. Rumbunta a cike yake a lokacin. Maganar 'yar Shuwar nan ce ta tsaya mata a wuya kamar ƙayar kifi. Kwana uku tana juya ta. A na huɗu ta ɗura ƙaramar kwalba ɗaya, don 'yar Alhaji Nata'ala mai awon gyaɗa da za a kai ɗaki. Ta ce wa 'Yardada daga wannan babu ƙari. Ta ce wa zuciyarta Mandawari da nisa, iska ba za ta kawo wa Malam ba.

Yabon da ya biyo baya ya fi ƙarfinta. Aka ce amarya ta wuce, layi ya kwana yana ƙamshi. Aka ce tun da aka kafa ganuwa ba a ji irinsa ba. Kwalba ɗaya ta zama biyar, biyar ta zama tulu, tulu ya zama uku a binne a bayan ɗakinta. Ai mai kwaɗayin yabo ya fi mai kwaɗayin nama wuyar ƙoshi. Goni bai sani ba, don Kaltume na aika kwalaben a toshe da kakin zuma, a naɗe cikin tsumma.

Abin da ta manta shi ne, dillaliya ba ta ɗaukar kaya ba ta ɗanɗana ba.

Wata Laraba da hantsi Kaltume na tsakar gida tana tankaɗe, 'Yardada ta shigo soro. Ta ga Goni ya dulmuya cikin tilawa, sai ta cire takalmi don kada ta katse shi, ta bi gefen bango a hankali. Ashe ta shafo humrar har bayan kunne.

Goni ya ɗaga kai, fuskarsa ta washe. Ya miƙa hannu ya kama gefen mayafinta.

"'Yar Kukawa, na gan ki. Yau ba fura, sai sanɗa? Zauna kusa da ni kaɗan."

'Yardada ta ƙyalƙyale da dariya, irin wadda ake ji har waje. "La ilaha! Goni, ni ce, 'Yardada! Sakar mini mayafi kada a gan mu!"

Kaltume ta jefar da rariya ta taho da gudu. Ta tarar da shi hannu a sama, kamar wanda ya taɓa garwashi. Mutumin da ya haddace Littafi, wanda tun yana saurayi bai taɓa riƙe tufar matar da ba tasa ba. Ya ce a ba shi buta ya sake alwala.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ta sami abin kamawa ta yi kuka. Da ta durƙusa tana rantse-rantse, tana cewa kwalba ɗaya ta yi niyya, cewa kawai ya yi, "Mutum nawa ke da shi yanzu?" Ita ma ba ta sani ba.

Kafin la'asar labari ya gama Koki, bakin 'Yardada ba ya ajiya. Dillalai da tsofaffin da ke zuwa sayayya suka mai da abin wasa. Kowace ta shafo humra, ta wuce ta soro a hankali tana gumtse dariya, ta ga ko Goni zai tanka. Kwanakin farko kansa kan motsa da kansa, kafin ya tuna ya sunkuyar. Kaltume na leƙe ta bayan asabari tana ganin wannan, zuciyarta na ƙuna. Bayan mako biyu kan ya daina motsi gaba ɗaya.

Kaltume ta kori 'Yardada. Ta tone tulunan nan uku ta tuttular a kwata, unguwa ta yi kwana biyu tana ƙamshin Ya Kaka. Aikin banza. 'Yardada ta riga ta kai kwalba wa masu turare a kasuwar Kurmi, sun shinshina sun haɗa mai kama da shi, ana sayarwa a kwalaben magani. Kaltume ta zauna ta haɗa wani sabon turare, wata biyu tana fama, ta shafa ta je. Goni ya yi atishawa ya tambaya ko baƙi aka yi.

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ta buɗe adudunta ta ɗauko 'yar kwalbar da Ya Kaka ta haɗa da hannunta, wadda take ajiya tun ranar aurenta. Saura ɗigo kaɗan a gindi. Ta shafa duka. Ta dama fura da nono mai kyau, ta cire takalmi, ta nufi soro kamar amarya.

Ta tsaya a bakin ƙofa. Ya ci gaba da tilawa. Ta matsa har inuwarta ta rufe buzunsa. Ta ga hancinsa ya buɗe, ta ga ya shaƙa. Ya kai ƙarshen aya, ya tattara hannayensa cikin riga.

"Baiwar Allah, wuce ciki. Mai turaren tana tsakar gida."

Ta ce, "Ni ce, Malam."

"To," in ji shi, bai ɗaga kai ba. "Ajiye furar a nan. Daga yau ki riƙa yin sallama, kamar kowa."