Ƙarfen da Balaraba Ta Wanke

Balaraba ta kwance bakin zanenta, ta dangwarar da guntun ƙarfen a kan teburin Mujtaba, mai shagon ƙera kayan ƙarfe, har shayinsa ya fantsama.

"Ga aikinka. Hannun ɗana Labbo na cikin rami Argungu, kai kana nan Nasarawa fanka na hura ka."

A bayan gilashi na'urar shagon tana ta aikinta: ta shimfiɗa garin ƙarfe, wuta ta bi ta narkar, ta sake shimfiɗawa, hawa kan hawa kamar ginin rumbu. Na'urar nan ce ta ƙera ƙarfen da ke riƙe gangar injin sussukar shinkafar su Balaraba, da aka nemi na kanti aka rasa. Kaka guda ya yi. Ana tsakiyar sussuka ya ɓalle, gangar ta fizge, ta tafi da hannun Labbo daga gwiwa.

"Inna, ƙaddara ce," in ji Mujtaba. "Ƙila shi ya cika wa injin lodi."

"Ƙaddarar gidanku! Ka amsa laihinka, ka ɗauki nauyinai. Mutum da ɗiya, da mi zai noma? Da haƙori?"

Injiniya Abdussamadu, wanda mai unguwa ya roƙa ya raba gardamar, ya ce ta zauna. Ta ƙi. A tsaye ta saurare shi. Ya ce ƙarfe irin wannan yakan ɓoye ɗan rami a ciki, inda gari bai narke ba. Girgiza ta yau da gobe sai tsaga ta taso daga ramin, tana ci a ɓoye har ranar da zai rabu. Kuma tana barin zane a bakin karayar, irin wanda gulbi ke bari a yashi idan ruwa ya janye.

"In na ga zanen, laifin shagon nan ne."

Mujtaba ya daina kurɓar shayi.

Injiniyan ya kanga madubinsa mai ƙara girman abu, ya juya guntun, ya sake juyawa. Bakin karayar yana ƙyalli kamar sabon kwano.

"Inna, wa ya taɓa nan?"

"Ni mana. Jinin ɗana na kai. In yi salla da najasa ƙulle ga zanena? Toka da yashi na sa, na bi da dutsi. Ni ba ƙazama ba ce."

Ya ajiye madubin a hankali. "Kin goge shaidarki."

Mujtaba ya tura mata kofi. "Sannu da aiki, Inna. Ko ni ban iya goge ƙarfe haka ba."

Balaraba ta dubi yatsunta da yashin ya ɗaye.

"Ɗaya guntun fa?" in ji Abdussamadu.

"Ya nutse cikin naman hannun. Tare aka naɗe su, aka rufe bayan gida."

"To, in ƙasa ba ta riga ta cinye shi ba..."

"Subhanallahi!" Mujtaba ya dafa ƙirji. "A tone abin da aka rufe? Tsohuwa mai tsarki kamar Inna ba za ta fara ba."

Ta ɗauke guntunta, ta ƙulle a zane, ta fita ba sallama.

A motar Argungu aka cusa ta tsakanin buhunan albasa. Tana tunanin zurfin ramin nan na bayan gida, da inda Labbo ya jingine fartanyarsa.