Tutar da Ke Ƙasan Adaka

Duk wanda ya san layin masu sayar da kayan babur a kasuwar Azare ya san Azubuike, ya kuma san abin da ake tsokanarsa da shi. In ya tashi rufe shago da yamma zai danna kwaɗo, ya ja shi, ya kama hanya. Kafin ya kai bakin titi sai ya dawo ya sake ja. Ya tafi, ya kuma dawowa. Maƙwabtansa har ƙirga masa suke yi, "Saura ɗaya, Oga Azu!" Shi ma sai ya yi dariya ya ce, "Ku ƙyale ni, wannan kan nawa ba abin yarda ba ne." Kowa dariya yake yi ban da ni, don ni na san mafarin ciwon. Yana ƙasan adakata, a naɗe cikin tsohon zani, shekara talatin da biyar ke nan.

Ni ce Laraba, matar Malam Hammadu mutumin Katagum, wanda har yau tsofaffi ke kira Helma, don shi ne shugaban leburori a wani yanki na layin dogo, can cikin daji gabas da Bauchi. Ina amarya aka kai ni barikin da ke gefen layin, ɗaki ɗaya da rumfa. Tun ba na gane aikinsu har na gane, don a gaban idona ake yin sa. Ƙarfen dogo a kan katakai yake zaune, katakan kuma a kan tsakuwa. Jirgi na bi yana dannawa, tsakuwar na zamewa, sai wani wuri ya lotsa. Nan za su sa jak su ɗaga ƙarfen, mutum huɗu su tsaya biyu na fuskantar biyu, da diga mai dakusasshen baki, su dinga cusa tsakuwa ƙarƙashin katako, bugu ɗaya murya ɗaya. Ranar da na fara gani na ce wa Malam, "Au, ashe daɓe kuke zuwa yi kullum, ake ba ku albashi? Mu da muke yi wa amare kyauta fa?" Kwana biyu bai yi mini magana ba.

Shi aikinsa ido ne. Zai kwanta ya manna kunci a kan ƙarfe, ya runtse ido ɗaya, ya hango inda ya karkace, yana ɗaga hannu a ƙara ko a rage. Ya iya, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Abin da ya ɓata shi, shi ma ya san ya iya.

Azubuike kuwa a lokacin matashi ne siriri daga ƙasar Ibo, ko Hausar kirki babu, shi aka ba riƙon tuta. Dokar aikin ita ce, duk inda aka taɓa tsakuwa sai an kafa tuta ruwan ɗorawa tun daga nesa, direba ya gani ya rage gudu na 'yan kwanaki. Wata Talata cikin bazara, zafi kamar a gasa mutum, suka gama gyaran wata kwana mai wuya. Azubuike na fama da zazzaɓi, amma ya je ya kafa tutarsa, aka tashi. Malam ya ji labarin wani babban sufeto zai wuce washegari a jirgin fasinja. Sai zuciya ta raya masa, ina amfanin babban mutum ya bi ta kan aikinka yana rarrafe? Bari ya bi da gudu ya ji yadda layin Hammadu yake, ko shayin da ke hannunsa ba zai zube ba. Ya koma shi kaɗai ya tuge tutar, ya cusa a aljihu.

Sufeto bai zo ba. Jirgin kaya ne ya zo da tsakar rana da cikakken gudunsa, ƙarfe ya sha rana ya miƙe yana neman wurin tafiya, layin ya goce gefe, tarago biyar suka kife da buhunan siminti. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba. Masu bincike suka zo suka tambayi tuta. Azubuike ya rantse ya kafa. Aka duba, babu. Aka sallame shi ba ko sisin sallama, Malam yana tsaye bai ce uffan ba. Ni kuma da na zo wanki na tsinci tutar a aljihun rigarsa. Na kalle shi, ya kalle ni, na ninke ta na saka a adaka. To kun ji, ni ma ba wankakkiya ba ce.

Malam ne ya kawo Azubuike Azare, ya roƙi nasa yayan ya ba yaron gefen rumfa a kasuwa. Azubuike ya fara da facin tayar keke, Allah ya sa wa abin albarka. Ya yi aure, ya haifi 'yarsa Testimony a nan, ya binne matarsa a nan. Da Malam ya yi ritaya muka dawo Azare, kullum yana bencin ƙofar shagon. Mutane na cewa, "Kai, Helma ɗan halak ne, dubi yadda ya riƙe baƙo." Duk ranar da aka faɗi haka a gabansa, ranar ba ya cin tuwon kirki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a hankali Azubuike ya daina cewa ya kafa. Ya koma cewa, "Zazzaɓi ne, Helma. Na ɗauka na kafa, ashe a raina kawai na kafa."

Bana Testimony ta ce ya isa haka, ƙafar babanta ta ƙi, za ta zo ta mayar da shi gida can ƙasarsu gaba ɗaya. Ya sayar da kayan shago, aka sa ranar Asabar. Tun da aka sa ranar nake bin Malam da ido. Mutumin nan in ya tafi ya tafi ke nan, mu da shi sai a lahira, kuma can ba a ɓoye tuta a adaka.

Ana saura kwana uku sai ga ɗanmu Gali ya zo hutu. Shi ma dogon ya bi, duk da na hana. Yana aiki a sabon layin da ake shimfiɗawa, shi ke tuƙa injin daɓe tsakuwa. Na kai wa Malam da Azubuike kunun zaƙi shago na tarar ya sa tsofaffin nan biyu a gaba da waya, yana nuna musu wani ƙaton abu ruwan ƙwai, tsawon tirela biyu, yana tafiya a kan dogo.

"Baba, ka ga nan?" in ji Gali. "Waɗannan ƙafafun su ke damƙe ƙarfen su ɗaga shi, su matsar da shi dama ko hagu. Su ne jak ɗinku. Waɗannan yatsun ƙarfe kuma, goma sha shida a kan kowane katako, su ke nutsewa cikin tsakuwa gaba da baya, suna karkarwa, sai su matse ta ta shige ƙarƙashi. Su ne digarku."

"Wa ke kwanciya ya duba masa?" in ji Malam.

"Ba mai kwanciya, Baba. Shi ke auna layin da kansa, kwamfuta ta gaya masa inda ya lotsa."

Malam ya taɓe baki. "Tsakiyar katakon fa? Yana cusawa?"

"A'a, ƙarƙashin ƙarfe kawai. In aka cika tsakiya katako zai dinga lilo har ya tsage."

"To yana da hankali," in ji Malam, kamar wanda aka ƙwace wa wani abu.

Azubuike ya ce ai su ma sun ga farkon abin. Gab da barinsa aiki an kawo musu wani na hannu mai janareta, mutum ya riƙe yana jijjiga shi har haƙora, in an tashi ko kofi ba ka iya riƙewa. Gali ya ce daga irinsa aka fara, sannan aka ɗora shi a kan ƙafafu yana yin katako ɗaya ya tsaya, ya matsa, ya sake. Na yanzu kuwa akwai mai yin uku a lokaci guda ba tare da ya tsaya ba, abin da gungun mutum ashirin za su yi a mako ya gama kafin azahar.

"Shi ke nan, an huta da tuta," in ji Azubuike yana dariya. "Aikin da inji ya yi ai ba ya buƙatar irina."

"Ina! Oga Azu, har gobe ana sa alama," in ji Gali. "Ai layi bai taɓa rauni irin na ranar da aka gama gyara shi ba. Komai kyan aikin, ka tayar da tsakuwa daga inda ta kwanta, ta saki katakan. Sai jirage sun bi a hankali sun zaunar da ita. Har wani inji daban aka ƙera mai bin bayan nawa yana girgiza layin don ya zauna da wuri. In babu shi, musamman da zafi, wallahi ko injiniyan da ya ƙera injin bai isa ya ce a bi da gudu ba. Wanda duk ya cire alama don yana ganin aikinsa ya yi kyau, ai bai san aikin ba."

Yaron nan bai san abin da ya taka ba. Malam ya ajiye kofin kunu, ya ce rana ta yi, ya tashi. Ko sandarsa bai ɗauka ba, ni na biyo shi da ita.

A gida na same shi zaune a bakin gado. Ban yi masa ta daɗi ba. Na ce, "Malam, ka ji da kunnenka. Shekara talatin da biyar kana lallashin kanka wai aikinka ba shi da aibi, tsautsayi ne ya kawo jirgin kaya. To ga ɗan cikinka ya faɗa maka."

Ya ce, "Laraba, in na faɗa masa yanzu me zai ƙara masa? Fansho zai dawo? Ƙuruciya za ta dawo? Sai dai in ɓata masa tafiya."

"Kai dai ka ce kana tsoron ya daina ganin girmanka. Mutum ya tsufa yana zargin kansa, kwaɗo ma bai yarda ya rufe ba, kai kana kan benci kana taya su dariya. Ni na gaji. Tsoron Allah nake ji, kuma kunyar mutumin nan nake ji. In ba ka kai masa ba, ni zan kai."

Na buɗe adaka na ɗauko tutar na ajiye masa a cinya. Ta koɗe, ta koma kalar ƙasa, amma ramin da ake zura sanda yana nan. Ya daɗe yana shafa ta da babban yatsa. Alhamis ta wuce bai je ba. Juma'a ya je masallaci ya dawo ya kwanta, wai kansa ke ciwo.

Asabar da hantsi na sa mayafi na ce ya tashi, ya tashi. Mun tarar mota a ƙofar shago, Testimony na ɗaure kaya, maƙwabta sun taru ana ta sallama. Shagon ya zama fanko, sai ƙusoshi a bango. Malam ya ja hannun Azubuike suka shiga ciki, ni na tsaya a bakin ƙofa. Ya zaro tutar ya miƙa masa da hannu biyu.

"Ka kafa ta, Azubuike," in ji shi. "Ni na tuge. Ina so sufeto ya yaba mini. Na bari aka kore ka ina kallo. Ka yafe mini don Allah."

Azubuike ya karɓa ya warware ta. Ya juya gaba, ya juya baya. A gefe ɗaya akwai ɗinki da baƙin zare, inda ta taɓa yagewa ya ɗinke da hannunsa. Ya sa yatsa a wurin.

"Ashe na kafa," ya ce a hankali. Ya sake cewa, "Ashe na kafa."

Ya ɗago ya dube ni. "Maman Gali, ke ma kin sani?"

Na ce, "Na sani." Ban taɓa jin nauyin kalma biyu irin na ranar ba.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ninke tutar ya sa a aljihun gaba, ya ce mu fito zai rufe. Muka fito. Malam ya tsaya a gefe yana jiran amsa, bakinsa a ɗan buɗe. Azubuike ya jawo ƙofa ya danna kwaɗo, ya mayar wa wanda ya ba shi hayar shagon makulli, ya bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya yana musabaha. Da ya zo kan Malam ya tsaya, ya dube shi, ya ce, "Helma, ka ba ni lokaci. Kai ka samu shekara talatin da biyar, ni yanzu na ji." Ya juya ya nufi mota yana jan ƙafa.

Wani daga cikin maƙwabta ya ɗaga murya don a rabu da dariya, "Oga Azu, kwaɗo fa? Saura biyu!"

Ko waiwaye bai yi ba. Ya ce, "Na rufe." Ya shiga mota suka tafi.

Yau wata biyu ke nan. Malam ya sa Gali ya ƙara masa ƙarar waya har ƙarshe, ko alwala zai yi sai ya ɗora ta a kan bokitin da ke kusa, kada kiran Azubuike ya wuce shi. Ni kuma adakata ta yi sauƙi, amma ba na son buɗe ta.