Shaidar Gidan Sajo

Malam Sajo ya ba wata kwaleji a Gwarzo rabin littattafan ɗansa Muntari, bayan ya tsaga kowanne da wuƙa.

Muntari malamin jami'a ne a Kano, ilimin ƙasar noma yake koyarwa, ana ce masa Dakta. Ciwon hanta ya ɗauke shi da hunturu. Da matarsa Rahama ta fita takaba, aka ce ana son gidan da suke ciki. Ta kwashi 'ya'yanta ta koma wurin iyayenta a Kabo. Kujeru da gado sun samu wuri, littattafai ne suka rasa. Sai da a-kori-kura ta yi ta sawu zuwa Durun, ƙauyen Sajo, kafin ta kwashe su, aka jibge su a ɗakin da Sajo yake ajiye harawa, tun daga ƙasa har kusa da rufi.

Sajo bai san boko ba. Allo ma bai yi nisa ba ubansa ya miƙa masa sanda ya tura shi bayan shanu. Amma ya san abin da waɗannan takardu suka ci. Garken da ya gada a makarantar Muntari ya ƙare, yau bijimi, gobe karsana, har turke ya zama fili. A wurinsa garken bai mutu ba, kama ya sauya. Kullum da hantsi yakan shiga ɗakin ya dube su yadda ake duba dabbobi. Ya san jan nan mai kauri, ya san shuɗayen nan masu kama ɗaya kamar 'yan uwa ɗaya, ya san wanda bangonsa ya ɓalle aka ɗaure shi da zare. Muntari ɗan fari ne, don haka Sajo bai taɓa kiran sunansa ba yana raye. Da ya mutu ma bai fara ba. Yaron nan yake cewa.

Damina ta faɗi, gara ta shigo. Sajo ya ɗora littattafan a kan duwatsu da katako, ya zuba toka, ya shafa baƙin mai a gindin bango. Gara ta bi ta bayan katakon. Wata safiya ya ɗaga jan nan mai kauri ya ji shi sakayau, ya buɗe, ba komai a ciki sai jar ƙasa.

A makon ne Malam Hambali ya zo. Abokin Muntari ne tun suna firamare, yanzu yana koyarwa a kwalejin. Suka gaisa, ya sake yin ta'aziyya, aka tambayi gida da ruwa da dabbobi, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Kwalejin tana da ɗakin karatu, kantocinsa duk wayam. Rahama ta yarda a kai littattafan can su zama sadaka ga mamaci, amma ta ce sai abin da Baba ya ce.

Sajo ya ce shi ba kyauta zai yi ba, aro zai bayar, irin na kakanninsa. A da, idan mutum ya rasa dabba, sai ka ba shi karsana ya kiwata, ya sha nono, ta haifa masa, ranar da ka nema ya dawo maka da abarka.

Hambali ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai littafi ba ya haihuwa."

"To yaron nan da guda ɗaya ya fara. Leƙa ɗakin can ka gani."

Suka tsaya a kan rabi. Idan Sajo ya ga kiwon ya yi kyau, bayan girbi a zo a ɗauki sauran.

A gidan Sajo ba a taɓa fitar da dabba aro ba tare da shaida ba. Shaidar gidansu tsaga biyu ce a gefen kunnen dama, ko a Kamaru aka ga saniya da ita an san ta zuriyar wa ce. Ya wasa wuƙarsa ya zauna a zaure. Ya ɗauki littafi, ya danne shi da gwiwa, ya yanke tsaga biyu a gefen dama, tun daga bangon gaba har na baya, mai zurfi yadda ba za ta ɓace ba. Masu kaurin sai da ya haɗa da guduma. Ƙanwarsa Gwaggo, wadda take zaune a gidan tun da mijinta ya rasu, ta ce ya bari a tambayi masu boko tukuna. Ya ce bai tambayi kowa ba ranar da ya sayar da shanun. Hannunsa ya yi kanta, ya gama, ya zuba su a buhunan taki ya ɗinke baki. Haka Hambali ya ɗauke su bai buɗe ba.

Da kaka ta yi, aka yanke gero, Sajo ya tafi kasuwar Gwarzo sayen kanwa saboda tumaki. Shi ba ya cin abinci a kasuwa, amma Gwaggo ba ta jin daɗi, ta ce bakinta nama yake so. Ya tsaya wurin wani mai balangu, Nata'ala. Mutumin ya yanka, ya barbaɗa yaji, ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur ya zaro takarda ya naɗe.

Gefen takardar yana da tsaga biyu.

Sajo ya sunkuya. A ƙarƙashin teburin ga su nan tuli guda, an fige musu bango, kowane da shaidarsa. Ya tambayi inda aka samo su. Nata'ala ya ce wurin dillalin takarda, a buhu ake saye, kuma wannan karon an dace, takardar tana da kauri, ba ta yoyon mai. Da ya ga tsohon bai ɗago ba ya ce, "Baba, nama ake saye a nan, takarda kyauta ce. Ko in ƙara maka?"

Sajo ya biya kuɗin naman. Ya karɓi ƙunshin ya hau mota. A gida Gwaggo ta ci namanta, shi kuma ya ɗauki takardar ya goge ta da gefen rigarsa. Mai ya riga ya ratsa ta, har ana hango rubutun baya ta gaba.

Ba a jima ba Hambali ya zo da mota ɗaukar sauran, Rahama tana tare da shi. Ta durƙusa daga bakin zaure ta gaida surukinta. Sajo ya bari aka gama gaisuwa, sannan ya zaro takardar daga aljihu ya shimfiɗa ta a kan tabarma.

Hambali ya daɗe yana kallonta. Bai yi musu ba. Ya ce ranar da aka farke buhunan, mai kula da ɗakin karatun ya ga tsagar ta ci rubutu. Kowane shafi ya rasa ƙarshen wasu layuka, wani wurin lissafi ne ya tafi, wani wurin sunan magani. Mutumin ya ce ba zai jera yankakken littafi a kantocinsa ba. Suka tsince 'yan kaɗan waɗanda wuƙar ta tsaya a farin gefe, sauran aka kai sito. Hambali ya yi niyyar zuwa ya faɗa, ya kasa haɗa ido da Baba. Da aka tashi gyaran siton yana Kano wurin duba jarrabawa, ya dawo ya tarar an share, an sayar wa dillalin takarda.

Sajo ya dubi tafin hannunsa. Kantar gudumar tana nan.

Rahama ta yi magana a hankali, kanta a ƙasa. Ta ce abin da ya wuce ya wuce, Allah ya san niyya. Sauran rabin lafiyarsu lau, mai ɗakin karatun ya yi alkawari zai karɓa ya jera, in dai ba a taɓa su da wuƙa ba. Ta ce Zinnira, babbar 'yar Muntari, tana son shiga kwalejin nan, wata rana za ta zauna ta buɗe abin da ubanta ya buɗe.

Ƙofar ɗakin harawar a buɗe take. Daga inda Sajo yake zaune yana ganin sabuwar hanyar gara, ja, ta hau bango ta shige bayan shuɗayen nan. Ya san ba za su ga wata damina ba. Ya kuma san dabbar da ta shiga garken wani babu shaida ta tafi ke nan, ko ka gan ta ba ka da bakin cewa taka ce. Waɗanda ya yi wa shaida an yanka su a kasuwa, amma ko a teburin mai nama ya gane abinsa.

Hambali ya ce, "Baba, don Allah. A bar su yadda suke, mu ɗauka yau."

Sajo ya ninke takardar ya mayar aljihu. Ya tashi, ya je ya jawo ƙofar ɗakin ya sa kwaɗo.

"Abin da ba shi da shaida ba ya fita daga gidana. Ban ba ku ba."